Abin da ruwan Legas ke kawowa banda kifi

Sana'armu su ce da bandar kifi. Jirage huɗu gare mu, biyu masu inji, biyu na filafili, muna aiki daga bakin kogin Ogun ta wajen Agboyi da Majidun har zuwa babban ruwan da ke ƙarƙashin gadar Third Mainland. Wanda ya taso yana su a Yawuri ko Argungu, in ya zo nan ba kifin ne zai fara ba shi mamaki ba, tarkacen da ke biyo ruwa ne. A gida in ka ja kalli, wato ragar da ake kafawa a ruwa, abin da za ka tsince kara ne da ganye da ƙaya. A nan kuwa rabin safiya kan tafi a tsintar raga. Shi ya sa ba ma danƙa wa sabon yaro inji sai ya iya hango abu a kan ruwa ya faɗi mene ne, kuma daga ina yake.

Ruwan nan manyan ƙofofi biyu gare shi. Ta arewa kogin Ogun ke shigowa da ruwan daɗi daga wajen Abeokuta. Ta kudu teku ke turo ruwan gishiri ta mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa, ya cika ya janye sau biyu a yini da kwana. Kullum cikar tana jinkiri da kusan minti 50, kuma ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Don haka gungumen da ya wuce ka da hantsi yana iya dawo maka da la'asar.

Abin da ya fi komai yawa shi ne ciyawar nan mai shuɗin fure da Yarbawa ke kira gbeborun. Mu kainuwa muke ce mata, amma ba ita ce kainuwa dashen Allah ta tafkunanmu ba. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a 1984 ta shigo Najeriya ta ruwan Badagry daga Jamhuriyar Benin. Gishiri ne maganinta. Daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, lokacin da ruwan daɗi ya rinjayi na teku, sai ta shimfiɗu kamar gona har ta rufe hanyar jirage ta Ikorodu, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jiha, LASWA, ta yi ta fama da ita. In rani ya shiga gishiri ya hau, sai ta yi ja ta ruɓe ta nutse, a lokacin kuma ragar ƙasa ce ke cika da yauƙi. Ba a shiga cikinta da inji a giya. A ɗaga injin, a tura da gora, kuma kada yaro ya cusa hannu, don macizai na hawa kanta su yi tafiya. Kalli kuwa ba a kafa shi a gefen da iska ke turo ta. Dare ɗaya ta ishe ta kwashe raga da dalma da komai.

Wajen Satumba da Oktoba ake buɗe madatsar ruwa ta Oyan, ruwa ya shiga gidaje a Isheri da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu. Bayan 'yan kwanaki sai kayan mutane su iso: katifa, kujerun roba, ƙyauren ɗaki, tukunyar gas, har da firiji. Firiji na yawo ne saboda soson da ke cikin bangonsa, ko da ƙofar ta ɓalle. Tukunyar gas ba ma ɗauka, don ba ka san abin da tsatsa ta yi wa bakinta ba.

Wasu kayan kuma namu ne, na 'yan'uwa. Kasuwar shanu ta Kara a bakin kogin take, shi ya sa ƙaho da kofato da igiyar ɗaure shanu ke zuwa, wani lokaci da mushe sukutum, ya kumbura ƙafafu a sama. Daga kasuwar Mile 12 kwandon tumatir ne da buhun albasa. Buhun ya fi kwandon sharri, domin zarensa na warwarewa ya naɗe farfela.

Gungume shi ne ke karya jari. Masu katako na ɗaure gungume ɗaruruwa su jawo su ta ruwa daga dazuzzukan Ondo da Edo, kuma shekaru da dama Oko Baba da ke Ebute Metta ce matattararsu. In igiya ta tsinke wasu su ɓalle. Mai sauƙin nauyi kana ganinsa daga nesa. Wanda ya sha ruwa kuwa yakan tsaya kamar taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, ba abin da za ka gani sai wuri guda da ruwa ya yi sumul alhali ko'ina na motsi. Ruwa ba ya tsami banza. Ka rage wuta ka kauce. A jikin gungumen akwai ƙarafan da ake bugawa don zura igiya, su ne ke keta raga daga sama har ƙasa. Yawanci kuma da alamar mai shi, ta fenti ko ta guduma, don haka ba tsintuwa ba ne. A jawo shi gefe a ɗaure, a gaya wa shugaban masunta na wurin.

Sai leda, wadda a ganina ta fi duk waɗannan cin kuɗi, don ita kullum ce. Duk abin da aka jefa a kwata a Bariga ko Oworonshoki, ruwan sama ɗaya zai kawo shi. Gorar roba mai murfi tana yawo a sama, marar murfi ta nutse. Famfas na yara yana shan ruwa ya yi nauyi kamar dutse ya ja raga ƙasa. Ledar fiya wata kuwa tsakiyar ruwa take tsayawa, daidai ƙafar inji. Tana manne wa ramukan da inji ke shan ruwa sai siririn ruwan da yake fitarwa, wanda muke kira fitsari, ya tsaya, in ba a lura ba cikin ɗan lokaci robar famfon ta ƙone, kan inji ya yi zafi. Ƙa'idarmu ita ce direba ya riƙa waiwayar fitsarin nan. Da ya tsaya a kashe inji, a ɗaga ƙafar, a cire ledar, a sake tayarwa. In bai dawo ba a zura siririyar waya a bakin bututun, don laka ko dusar katako kan toshe shi. In har yanzu shiru, a ɗauki filafili. Tuƙin awa ɗaya ya fi sauƙi a kan gyaran kan inji.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani. Tsohon zaren raga yakan naɗe a bayan farfela ya ci robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Alamarsa man ya koma fari kamar madara. Shi ya sa duk mako muke cire farfela mu duba. Kowane jirgi kuma yana tafiya da wuƙa, fulaya, sifana da fin uku, domin a ƙananan injuna fin ne ke karyewa in farfela ta bugi itace, kuma don haka aka yi shi.

A Janairun 2024 gwamnatin jiha ta hana farin kwanon nan na zuba abinci, amma wanda ya riga ya shiga ruwa ba ya ruɓewa, sai dai ya marmashe. Wani tarkacen dai yana da rana. Tsohon silifas muna yankawa mu ɗaura a igiyar sama ta kalli, yana ɗaga raga ba sai an saya ba. Gorunan roba muna tarawa a buhu mu sayar wa 'yan bola jari da kilo.

Jarka a rufe, musamman ta wajen Apapa da hanyar Badagry inda ake safarar fetur, ba ma buɗewa, kuma ba a kunna sigari kusa da ita. Kifi matacce da yawa, manya da ƙanana tare, ko dai ruwan farko ne ya wanko dattin kwatoci, ko wani marar imani ya zuba gamalin. Ko wanne ne, ba ya hawa wayar bandarmu. Ƙwarya ko kaskon ƙasa da manja da ƙwai da farin ƙyalle kuwa hadaya ce ta masu addinin gargajiya na Yarbawa, waɗanda ke danganta kogin Ogun da abar bautarsu Yemoja. Ba namu ba ne, ba ma taɓawa, kuma ba ma bari yara su yi ba'a a gaban masu wurin. Baƙi muke, tare da ƙabilun Egun da Ilaje muke cin abinci a ruwan nan.

Gawa ma akan gani, Allah Ya sa mu cika da imani. Wanda ya nutse yakan taso bayan kwana biyu zuwa uku saboda ɗumin ruwan, sau da yawa nesa da inda ya faɗa. Ba a sa ta a jirgi, ba a laluba aljihu, ba a ɗaukar hoto a watsa. A lura da wurin, a kira lambar gaggawa 112 ko 767, a sanar da shugaban masunta, a jira 'yan sandan ruwa.

Wani lokaci abin da ka ɗauka gungume ne sai ka ga ya fito da hanci ya shaƙi iska. Ayu ne, yana nan a ruwan Badagry da Epe da wuraren da ciyawa ta yi kauri, alamarsa guntayen ciyawa da aka gatsa suna yawo da sassafe. Mun san darajar da ake ba mansa a gida, amma tun 1985 dokar tarayya ta hana kama shi. Babbansa ya kai nauyin saniya, kuma iska yake shaƙa, in raga ta riƙe shi a ƙasa zai mutu. In ya faɗa kalli a kashe inji, a ɗago igiyar sama don hancinsa ya fito, mutum biyu su riƙe, na uku ya yanke ragar daga wajen kai zuwa baya, yana nesa da jelar, don duka ɗaya tana iya kifar da ƙaramin jirgi.