Shekara Huɗu Ina Haɗiyar Omeprazole Kamar Cefane

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san ɗinki ya san yadda dararen gab da sallah suke. Sai ƙarfe ɗaya nake shiga gida, in zauna gaban tuwo da miyar da ta sha yaji da manja, in kora da shayi, in miƙe a gado ko hannuna bai bushe ba. Haka ƙwannafi ya same ni. Ruwa mai tsami ya riƙa tasowa har maƙogwaro, ƙirji kamar an zuba garwashi, wani daren tari ne ma yake tashina.

Mai kemis ɗin unguwarmu ne ya fara miƙo mini omeprazole mai miligiram 20. Ya ce, "Maigida, ɗaya kullum da safe kafin ka karya." Cikin kwana uku na ji kamar an zare mini ƙaya. Bai ce mini ga ranar dainawa ba, ni ma ban tambaya ba. Kati ya ƙare in sayi wani, har shekara huɗu.

Sau biyu na gwada ajiye shi. Duka biyun ban kai mako ba wutar ta dawo fiye da da, sai na yanke wa kaina hukunci cewa olsa ce ta zauna mini, ni da ƙwayar nan mutu-ka-raba.

Ƙafa ce ta kai ni asibiti. Tafin ƙafata ya riƙa yi mini kamar ana tsira allurai, har ba na jin takun keken ɗinki sosai, ga kasala, ga ɗaurewar sha-raɓa da dare. Abokan shago suka ce basir ne, da ma mu komai basir ne. Da likita ta tambaye ni ko ina shan wani magani, sai na ce a'a. Matata ce ta ce, "Malam, na olsar fa?" Wallahi na daina lissafa shi cikin magunguna.

Gwajin jini ya nuna bitamin B12 ɗina ya yi ƙasa. Likita ta ɗauki biro ta zana mini tumbi a bayan katina. Ta ce omeprazole da 'yan uwansa irin su esomeprazole da pantoprazole suna toshe famfunan da ke fitar da ruwan tsami a bangon ciki. To da wannan tsamin ne jiki ke ɓanɓaro B12 daga nama da ƙwai da kifi, in an danne shi shekaru sai a iya samun giɓi. Ta ce hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2010 kan yiwuwar karayar ƙashi ga masu daɗewa suna sha, a 2011 kuma kan raguwar sinadarin maganiziyam a jini. Wanda ake sayarwa can ba da takardar likita ba ma, kwana 14 aka rubuta a jikin kwalinsa.

Na tsorata na ce, "Likita, ke nan guba nake sha?" Ta yi dariya. Ta ce yana cikin magungunan da aka fi sanin halinsu, tun ƙarshen shekarun 1980 ake aiki da shi, kuma akwai waɗanda ita da kanta take hana su ajiye shi, kamar wanda tsami ya riga ya sauya masa fatar bututun abinci, ko wanda gyambon cikinsa ya taɓa zubar da jini alhali dole ya ci gaba da shan asfirin. Ni dai ba wanda ya taɓa duba ko ina cikinsu. Dawowar wutar da ta ruɗe ni kuwa, ta ce ramuwar gayya ce: cikin da aka daɗe ana dannewa yakan ƙara fitar da tsami na 'yan makonni in an saki lokaci ɗaya.

Na tambaye ta Zantac, wato ranitidine, maganin olsar da mahaifina yake sha a da. Ta ce an janye ranitidine daga kasuwa a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, famotidine ta rubuta mini, wani maganin rage tsamin ciki. Ta kuma kama ni da diclofenac da nake sha saboda ciwon baya, wanda shi kansa cin bangon ciki yake.

Saukowar ta ɗauke ni kusan wata biyu. Yau sha gobe hutu, sannan sai ranar da ya matsa, da cokalin Gaviscon, maganin ƙwannafi na ruwa, a daren da abin ya taso. Makon farko na sha wuya, har na kusa komawa kemis. Aka yi mini allurar B12, ƙafar ta saki a hankali.

Yanzu ƙarfe takwas ake aiko mini da kwano shago, in ci tun da sauran aiki a gabana. Na sa bulo bibbiyu ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ina kwanciya ta gefen hagu. Yaji ne har yau muke kokawa da shi, ranar da aka yi ɗanwake a gida kuwa na san da Gaviscon zan kwana.