Ranar da Kifi Ɗaya Ya Ja Mini Asarar Uku

Ƙannena masu sha'awar kiwon kifin teku a tankin gilashi, ku zo ku ji ɓarnar da na yi da hannuna.

Tankina lita 120 ne, kifaye shida. Wata safiya na zuba abinci, biyar suka taso. Na shida ɗan gobi ne, wani ƙaramin kifi mai zama a ƙasan ruwa, dama ɗabi'arsa ce ya laɓe a ƙarƙashin dutse, sai na ce ai zai fito. Na yi tafiyata. Kwana biyu ban sake tunawa da shi ba. Ashe ya mutu a bayan duwatsu, kuma a ruwa mai ɗumin digiri 26 mushe ba ya jira. Da na ɗaga dutsen, sai na ga ya yi fari fat, ya fara saɓulewa, ina taɓa shi da raga ya dagargaje. Sauran kifayen kuwa suna saman ruwa suna haki kamar waɗanda aka koro.

Amoniya ce ta kama su. Ruɓewar nama ita take saki, tana kuma ƙona sassan da kifi yake numfashi da su. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ta fi dafi a ruwan gishiri. Kala biyu take zama a ruwa, mai kisa da mai dama-dama, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH ne yake raba su. Ruwan teku yana zama wajen 8.1 zuwa 8.4, kuma duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya, kason mai kisan yana ƙaruwa kusan ninki goma. Zafi ma yana ƙara mata ƙarfi. Don haka 0.5 da na gani a kwalbar gwajin amoniya ba ƙaramin abu ba ne. Sifili ake so.

To, nan na tafka babbar wauta. Cikin ruɗewa na ciro soson filta na kai bakin famfo na wanke shi tas, har ina jin daɗin yadda ya yi haske. Wannan launin ƙasa-ƙasan da nake gani kamar dauɗa, gidan ƙwayoyin bakteriya ne masu mayar da amoniya ta zama naitirait, sannan naitiret wadda ba ta da dafi sosai. Kulorin ɗin ruwan famfo ya kashe su. Wato gobara ta tashi, ni kuma na kori masu kashe wuta. Washegari gwaji ya nuna 1.0. Kafin mako ya zagayo na rasa uku, har da mai ruwan lemo da fararen ratsi, wanda ƙaramar 'yata ta raɗa wa suna.

Yanzu idan lissafi bai cika ba, ba na barin gida sai na gano wanda ya ɓace, ko da zan ɗaga dutse ɗaya bayan ɗaya. Ku duba ƙasa a bayan tanki ma, wasu tsalle suke yi. Da an cire mushe sai gwaji, sai a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ko rabi idan abin ya yi tsanani. Sharaɗi, sabon ruwan ya yi daidai da tsohon a ɗumi da gishiri, wajen 1.025 a ma'aunin gishiri. Shi ya sa kullum akwai jarka a ɗakina da ruwan da na riga na kaɗa wa gishiri. Soso kuwa, a ruwan da aka ɗebo daga tankin ake ɗaurayewa, a hankali.

Abinci a dakatar da shi kwana biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi mai lafiya, amma kashinsa da ragowar abinci suna ƙara amoniya. A ƙara iska a ruwan. Magani irin su Seachem Prime, in ji masu yin sa, yana ɗaure amoniya na kwana ɗaya zuwa biyu, ya ba bakteriya sararin kamo aiki, sai dai wasu kayan gwaji za su ci gaba da nuna ta bayan an zuba shi, kada ku firgita ku yi ta ƙarawa. Zeolait, dutsen nan mai tsotse amoniya da masu kifin ruwan daɗi suke yabo, a ruwan gishiri asarar kuɗi ne.

Ni sai da na ga sifili mako biyu a jere kafin na sake sayen ko kifi ɗaya, shi ma gobi na sake ɗaukowa.