Likitan da ya yi wa Baba tiyata

A makon jiya aka yi wa mahaifina tiyatar hanji a wani asibitin koyarwa, kuma hankalina ya tashi da na ji likita mai neman ƙwarewa ne zai riƙe wuƙar, babban likita yana tsaye yana lura. Irin waɗannan likitoci sukan shafe shekara 5 zuwa 6 suna horo, su zana jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, kafin a sakar musu mara. Wannan likita mai neman ƙwarewa shi ne ya dawo ƙarfe 2 na dare ya duba ɗinkin, ya ga zazzaɓi yana tasowa, ya kira malaminsa nan take. Abin da ya dame ni kawai, tun asuba bawan Allahn nan bai runtsa ba.