Godiya Bayan Kammala Karatun Noma

Alhamdulillahi, sakamako ya fito, na kammala difloma a fannin noma. Ba zan iya bin kowa gida in yi godiya ba, shi ya sa na rubuta wannan.

Lokacin da na samu gurbi, wasu cewa suka yi, "Noma ma sai an je makaranta?" Wasu kuma ƙanƙantar kwalejin suka raina. To, ƙanƙantar nan ita ta yi mana rana. Ba mu da yawa a aji, don haka babu wurin ɓuya. Malami ya san sunanka, ya san fegin da aka ba ka a gonar gwaji, ya san ranar da ka tsallake ban ruwa.

Malaminmu na kimiyyar ƙasa, Allah ya ƙara girma. Kai ka hana mu sayen taki kafin a auna ƙasa. Daga bakinka muka ji cewa takin yuriya na ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari, amma in aka watsa shi a sarari ba a rufe ba, iska ce za ta ci riba. Malama, ke ma na gode. Ke kika tumɓuke waken suya, kika fasa 'yan ƙululan saiwarsa da farce, kika ce in cikinsu ja ne to suna aikin ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ranar na gane dalilin bin wake da masara.

Sai Baba mai kula da gonar makaranta, wanda sunansa ba ya cikin jerin malamai. A aji an gaya mana tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Afirka a 2016. Baba ne ya koya mana kamo ta: sammako, a leƙa tsakiyar ganye, in an ga kashinta kamar garin katako, tana ciki. Baba, ko sau ɗaya ba ka taɓa gajiya da tambayoyinmu ba. Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana.

Abba da Umma, ku kuka ɗauki nauyi ba tare da ƙorafi ba, Allah ya ba ni ikon kyautata muku. Abokan karatu da muka sha rana tare, musamman waɗanda suka riƙe min fegi lokacin da na kwanta rashin lafiya, Allah ya bar zumunci.

Wanda na ɓata wa, ya yafe min. Allah ya saka wa kowa da alheri, amin.