Yinin yau a Dilimi ya tafi

Laraba da dare, Jos

Motar nan ta sake ƙin tashi da safe. Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas kawai, fitilun dashbod suka dushe. Ga sanyin hunturu yana ratsa rigar sanyi, ga yara sun shirya suna jira a kai su makaranta. Motar otomatik ce, ba a maganar turi. Maƙwabcina ya fito da wayoyinsa ya jona min da batirinsa, yana cewa, "Malam, ka sayi sabo ka huta mana." Uwargida ma ra'ayinta ke nan. Ni kuwa batirin bai shekara ba, kuma kuɗin batir a yanzu ba abin da mutum zai yi ta zubarwa a kan zato ba ne. Ina sauke yara na wuce Dilimi wajen mai riwaya.

Dattijo ne mai ƙarancin magana, yaransa na ce masa Oga. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Yaushe take mutuwa, bayan ta kwana ko ana cikin tafiya? Na ce sai ta kwana. Ina nake zuwa da ita kullum? Na ce daga Unguwar Rogo zuwa makarantar yara, sai Terminus wajen aiki. Ya girgiza kai, ya ce wannan 'yar tafiyar ba ta isa ta mayar wa batir abin da kik ya zuƙa wajen tayarwa ba, balle ina kunna fitila da hita da safe. Na taɓa sa wani abu, rediyo ko tiraka? Na ce a'a.

Ya duba kan batir, akwai ɗan farin gari da ya taru. Yaro ya wanke da ruwan zafi ya goge, aka ɗaure tamau. Fambel ma lafiya lau.

Sai ya ɗauko mita. Lafiyayyen batir da ya cika ya huta, in ji shi, yana nuna volt 12.6. Idan ya sauka 12.2 to rabi ya rage. Nawa ya nuna 12.1. Aka tayar da mota, mita ta hau 13.7. Altaneta, na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, in lafiyarsa lau yakan ba da wajen 13.8 zuwa 14.4, wato nawa yana caji amma da ɗan ja da baya. Wani yaronsa ya kai hannu zai cire kan batir mota na aiki, irin gwajin da muka saba gani, wai idan mota ta mutu altaneta ne. Oga ya daka masa tsawa. Ya ce wannan dabarar ta motocin da ce. Motar da ke da birenbos, wato kwamfutar mota, kana cirewa wuta za ta yi tsalle ta ƙona abin da ya fi batir tsada. Na sha ganin ana yi a bakin titi, masu mota na tsaye suna kallo.

Daga nan aikin ya yi daɗin kallo. Ya kashe mota, ya zare makulli, aka rufe ƙofofi da but. Ya cire wayar negatif, ya sa mita tsakaninta da kan batir yadda duk wutar da ke fita sai ta bi ta cikin mitar. Ya ce mu jira tukuna, don kwamfutar mota ba ta yin barci nan take. Muka sha shayi. Motar da ke ajiye dole ta ɗan ja wuta saboda agogo da ƙwaƙwalwar rediyo, amma bai kamata ya wuce miliyamf 50 ba, wato amf 0.05 a ma'aunin wutar da ake ja. Tawa tana jan kusan amf 2. Ya yi min lissafi a ƙasa da tsinke: amf 2 na awa 12 ya zama amf-awa 24, batirina kuma mai ɗaukar amf-awa 62 ne, wanda dama ba cika yake yi ba. Ga sanyin Jos a kai, wanda ke rage wa batir ƙarfi ya kuma sa baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Ya ce, "Alhaji, randa ce mai yoyo. Ko ka canza ruwan, gobe ma haka za ka tarar."

Aka shiga cire fiyus ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Na rediyo, na fitilar ciki, na wajen cajin waya, na makullin ƙofa. A nan galibi ake kama matsalar, fitilar but da ba ta mutuwa ko amfilifaya da aka jona kai tsaye. Aka gama da akwatin ciki, aka gama da na bonet, lamba ba ta motsa ba. Ni har na fara karaya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya sa yaro ya kwance kakkaurar wayar da ke bayan altaneta. Nan take mita ta faɗo amf 0.03.

Bayanin da ya yi shi ne, a cikin altaneta akwai dayod, aikinsu su bar wuta ta wuce gefe guda kawai, daga altaneta zuwa batir. Idan ɗaya ya ƙone ya haɗe, sai hanya ta buɗe ta baya, batir ya riƙa tsiyayewa cikin altaneta duk dare. Sauran dayod ɗin suna nan suna aiki, shi ya sa da rana mota ke caji, mutum ya ɗauka komai lafiya. Ya ce wani lokaci idan ka taɓa altanetan da asuba za ka ji shi da ɗumi alhali mota ta kwana a kashe. Abin da ke ƙona su kuwa, tsufa, zafi, ko jona wayoyi a juye wajen tayar da mota.

Ya ba ni zaɓi: a canza farantin dayod ɗin kaɗai, ko a sayo altaneta ɗan Beljiyam. Na zaɓi gyara, don ɗan Beljiyam sa'a ce, ba ka san abin da ya gani a baya ba. Muka yi ciniki, bai tsawwala ba. Kafin la'asar an mayar, mita na nuna 14.2.

Batirin ne ba a gama da shi ba. Oga ya ce batirin da ya sha mutuwa ƙurmus ba ya dawowa yadda yake, farantansa na ciki sun riga sun ji jiki. Ya aika da shi wajen mai caji ya kwana a kan caji a hankali, ya ara min wani tsoho na dawo gida da shi. Gobe zai gwada nawa da kik yana kallon mita. Idan bai sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin tayarwa, zan ci gaba da lallaɓa shi. Idan ya sauka, to maganar maƙwabcina da uwargida ta tabbata, sai na nemo kuɗi.