Kyamarar Kwali Mai Jan Labule

Wata uku ke nan ina fama da wani akwatin kwali a kan teburina, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ɗauka abin wasan yara ne, saboda jan labulen da ke gabansa da ginshiƙan da na shafa wa fenti mai ruwan zinariya. Alhali kuwa kyamara ce, wadda ba ta da gilashi ba ta da batir, sai huji guda ɗaya da tsinin allura ya yi a jikin ɓallin gwangwanin lemo.

Hikimar da ke cikinta tsohuwa ce. Masanin kimiyya Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cewa haske a miƙe yake tafiya, don haka idan ya ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu, surar abin da ke waje takan bayyana a bango, amma a kife. Duk wanda ya sa takardar hoto, wato takarda mai kama haske, a wannan bango ya riga ya mallaki kyamara. Abin da na nema in ƙara shi ne siffar gidan wasan kwaikwayo, kuma wannan tunani daga Ingila na aro shi.

A Landan, tun wajen 1811, wani mai ɗab'i mai suna William West ya riƙa buga takardu ɗauke da hotunan 'yan wasan da ake yayi a manyan gidajen wasan kwaikwayo na birnin, daga baya aka ƙara da na dandamali da bangon baya. Yara kan sayi takardar, marar launi kwabo ɗaya, mai launi kwabo biyu, su yanke mutanen da almakashi, su manna su a kwali, su maimaita wasan a gida. Shagon Benjamin Pollock da ke unguwar Hoxton ya riƙe wannan sana'a har cikin ƙarni na 20. Da na fara ganin hotunan waɗannan ƙananan dandamali, sinimar kwali da muke yi muna yara da tocila da farin ƙyalle ce ta faɗo mini a rai, ko da yake tamu inuwa ce kawai. Adon kuwa na gidajen opera na Italiya na kwaikwaya, wato wasan da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, wanda aka buɗe wa jama'a gidansa na farko a Venice a 1637. Jan karammiski da ruwan zinariya irin na La Scala ta Milan, wadda aka buɗe a 1778, su na sa a gaba.

Akwatin kashi biyu ne. Na baya shi ne ɗakin duhu, wanda na shafe cikinsa da baƙin fenti, kuma daga hujin zuwa takardar hoto milimita 100 ne, tazarar da ke buƙatar huji mai faɗin kusan milimita 0.45. Idan ya fi haka faɗi hoton yakan dushe, idan ya fi haka ƙanƙanta ma yakan dushe, saboda haske yana bazuwa a bakin matsattsiyar kafa. Sai da na ɓata ɓalli shida kafin in gane cewa ba a tura allurar ta zarce, ana murza ta ne a hankali har ƙarfen ya yi ɗan tudu ta baya, a goge tudun da samfefa mai laushi, sannan a ɗaga wa rana a duba ko hujin ya zagaye sosai.

Kashi na gaba shi ne dandamalin, kuma a nan ne dalilin dukan wahalar yake. Hujin yana zaune a mazaunin ɗan kallo, yana fuskantar ƙofar dandamali da mawaƙiyar kwali mai tsawon ɗan yatsa, amma bangon baya na cire shi ɗungurungum, ta yadda duk abin da na juya akwatin gare shi, bishiya ce ko katanga ko titi, shi ne zai zama bayan fage. Kyamara mai gilashi za ta tilasta ni in zaɓa, ko dai mawaƙiyar ta fito sarai bishiyar ta dushe, ko akasin haka. Huji ba ya wannan zaɓi, domin na kusa da na nesa kusan daraja ɗaya yake ba su, shi ya sa 'yar kwali takan tsaya a gindin bishiyar gaske kamar tsararta ce.

Kurakurai biyu na yi. Na zaci labulen dandamalin shi kaɗai zai isa ya tare haske, sai takardar farko ta fito baƙa ƙirin, domin rana tana shiga ta sama da ta gefe. Yanzu akwai ɗan murfin baƙin kwali a kan hujin, zare ɗaya kuma ya haɗa shi da labulen, idan na ja su buɗe tare. Na biyun ya fi ban dariya. Na yanke kawunan 'yan kallo na manna su a ƙasan ɗakin duhu dab da takardar, don inuwarsu ta fito a gindin hoton, na manta cewa a ciki komai a kife yake. Da na wanke takardar na daidaita ta, sai ga 'yan kallona suna reto daga sama kamar jemagu. Tun daga ranar a rufin akwatin suke zaune.

Takardar hoto ba ta saurin kama haske, don haka ko a tsakar rana sai labulen ya yi kusan rabin minti a buɗe, a inuwa kuwa yakan kai minti huɗu ko biyar, kimanin tsawon waƙar da mawaƙi ɗaya kan rera shi kaɗai a opera, kuma da irinta nake auna lokacin a waya. Mai tafiya ba ya fitowa a irin wannan hoto. A wanda na ɗauka a ƙofar gida ranar Asabar, mai tallar ruwa ya wuce da kurarsa har sau biyu, amma a dodon hoton babu kowa a titin sai mawaƙiyar da wata akuya da ta kwanta a gindin katanga, ita ma kanta biyu ya fito, don ta juya ana tsakiyar waƙa.