Yadda damina ta cinye mini jiragen sama

Shekara biyu ke nan da na ɗaure wata 'yar eriya a ƙarfen tankin ruwan gidanmu a Barnawa. Aikinta sauraren jiragen sama. Yawancin jiragen fasinja na yanzu suna tafe suna shelar kansu a kan mita 1090 megahaz: lambarsu, inda suke, nisansu daga ƙasa da gudun da suke yi. Sunan tsarin ADS-B. Kayan aikina ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yar rediyon RTL-SDR ce mai kama da filas, na soke ta a jikin ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 3, manhajar dump1090 kuma tana zana jiragen a taswira. Sauraro kawai take yi, ba ta aika komai sama. Sai da na yi wa maƙwabcina wannan bayanin sau biyu kafin hankalinsa ya kwanta.

Da rani ina hango jiragen da suka lula sama tun suna kusan kilomita 300 daga Kaduna. Masu sauka Abuja kan ɓace mini idan sun yi ƙasa, kuma wannan ba matsala ba ce, don siginar miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa.

Da damina ta kankama sai da'irar da nake hango jirage a cikinta ta soma tsukewa. Ba lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan, kamar buhun da ɓera ya huda. Zuwa ƙarshen Agusta ba na ganin kowa sai wanda ya ratsa kusan saman kaina.

Caja na fara tuhuma. Pi 3 na son bolt 5 da amfiya 2.5, ni kuwa tsohuwar cajar waya na ba ta, kuma duk sanda aka ɗauke wuta muka koma inbata sai ta yi ƙorafin ƙarancin wuta. Na sayo wadda ta dace. Mutuwa da tashin da take yi ya tsaya, amma jirage ba su dawo ba. Daga nan na ɗora laifin a kan ƙarfen sabis da ke bayan layinmu. Hujjar ba ta banza ba ce: layukan waya masu aiki a wajen megahaz 900 suna kusa da 1090, kuma idan suka yi ƙarfi sukan kurmantar da waɗannan ƙananan rediyoyi. Na yi odar matatar sigina, na jira mako uku, na ɗaura. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Cikin haushi na mayar da ƙarfin jiyo na rediyon zuwa ƙarshensa, 49.6, na bar shi haka.

Abin da ya tona asiri guntuwar wayar tagulla ce. Na yanke ta santimita 6.9, wato rubu'in tsawon zangon mitar, na soka kai tsaye a bakin rediyon, na tsaya jikin taga. Wannan ɗan tsinken ya kamo jirage fiye da eriyar da ke kan tanki. Ashe rediyo da kwamfuta lafiyarsu ƙalau, ciwon yana tsakanin tanki da ɗaki.

Na kira yaron da ke yi mana gyaran dish. Yana kwance mahaɗin da ke gindin eriya sai ruwa ya ɗigo masa a tafin hannu. Ragar tagullar da ke cikin wayar eriyar ta yi kore shar.

“Alhaji, ai wannan wayar ta sha ruwa ta ƙoshi. Wa ya naɗe muku ita?”

Ni na naɗe ta, da baƙin salatif na masu wayarin, wanda ranar Maris da Afrilu ta gasa har ya saki. Na ce ya datse bakin kawai ya sa sabon kai. Ya yanke kamu ɗaya, ya yanke biyu, har yanzu ciki baƙi ne. Ruwa idan ya shiga irin wannan waya bin ragar yake yi, kuma a babbar mita kamar 1090 ɗan tsatsa ma ya isa ya shanye siginar da ta taso daga nesa a raunane. Muka cire ta gaba ɗaya, muka sa sabuwar RG-6 irin ta dish. Na kuma dawo da kwamfutar ɗakin da ke ƙarƙashin tanki, tsawon waya ya ragu da fiye da rabi, don kowane taku na waya yana cin rabonsa. Mahaɗin muka naɗe shi da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, muka lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango, yadda ruwa zai ɗige a waje.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jadawalin manhajar, mai nuna jiragen da ta jiyo, ya faɗa mini tun farko. Matsalar caja yankewa take yi kwatsam ta dawo. Raguwar da ke bin sawun ruwan sama mako bayan mako kuwa, ai ba sai an buga ƙasa ba.

A daren jiragen nesa suka dawo, amma sai na kusa suka riƙa ɓacewa daidai lokacin da nake jin rugugin su. Wancan 49.6 da na manta ne. Sigina ta yi wa rediyon yawa, kamar a yi maka ihu a cikin kunne. Na riƙa sassautawa mataki-mataki, ina ba kowanne yini guda, har na tsaya a 40.2. Matatar tana nan a jiki, tunda an riga an biya kuɗinta.